Ƙidayar Kayan Ajiya a Ƙasar Daura Jiya da Yau

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san akwai rana guda a shekara wadda malamin sito ba ya samun barcin kirki kafin zuwanta, watau ranar da kwamitin ƙidaya zai buɗe sito ya gwada abin da ke rubuce a laja da abin da ke jibge a ƙasa. Idan laja ta ce takin zamani buhu 400 ne, aka ƙirga aka tarar da 370, to, tilas a nemo wanda zai amsa buhu 30 ɗin nan. Wani lokaci sata ce, wani lokaci tuntuɓen alƙalami ne, sau da yawa kuma ba mai iya rarrabewa. A kan irin wannan giɓi mutane sun rasa aiki, wasu sun rasa mutunci, majiyyata kuma sun je asibiti an ce musu magani ya ƙare alhali kuwa takarda ta nuna yana nan.

A manyan ɗakunan ajiya na duniya an daɗe da miƙa wannan aiki ga wata 'yar na'ura da ake riƙewa a hannu, wadda ke haska lambar nan mai layi-layi da ake bugawa a jikin kwali, ta karanta ta, ta aika wa kwamfuta. 'Yan kasuwa suna kiran lambar bakod, na'urar kuma sikana. Wannan lacca za ta bi tarihin ƙidayar kayan ajiya a ƙasar Daura da maƙwabtanta, domin a ga irin ciwon da na'urar ta zo ta tarar. Abin da tarihin ya nuna shi ne, ingancin ƙidaya a ƙasar Hausa kullum yana rataye ne ga yawan idanun da ke iya ganinta ban da idon mai riƙe da mabuɗi. Da wannan ma'auni ya kamata a auna sikana.

Dami da keso

Birnin Daura yana kan mahaɗar hanyoyin Kano da Katsina da Zango da Damagaram, kimanin kilomita 80 daga Katsina, 120 kuma daga Kano. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Ɓaure. Ƙasa ce ta jigawa, ta gero da dawa da wake da gyaɗa, damina gajeruwa, rani dogo. A irin wannan ƙasa ajiya ita ce rayuwa, domin abin da aka girbe a wata biyu shi za a ci wata goma sha biyu.

Ma'aunin farko na manomi shi ne dami. Idan an yanke kan gero aka ɗaure, a fili ake ƙirga shi, a gaban 'yan gandu da 'yan gayya da masu jakunan da za su kai shi gida. Kafin dami ya shiga rumbu, rabin unguwa ya san yawansa. Shari'a ta ƙayyade nisabin zakkar hatsi da ausuƙi 5, kowane ɗaya sa'i 60, watau sa'i 300 ke nan, ana fitar da ɗaya bisa goma daga abin da ruwan sama ya shayar. Amma manomi da dami yake lissafinsa: a kowane goma a ware ɗaya. Gaskiya ne damin wani ya fi na wani, gwargwadon igiya da hannun mai ɗauri, don haka dami ba ma'auni ne mai tsauri ba. To, amma yana da wata fa'ida wadda ba a cika lura da ita ba, ita ce ba ya ɓoye abin da ke cikinsa. Mai ido yana ganin zangarniya, yana ganin ko ta yi ƙwaya ko ba ta yi ba. Haka kuma rufewar da aka liƙe bakinta da laka, aka ce ba za a buɗe ba sai damina ta faɗi an shiga noma, ita ma shaidar kanta ce, domin ba a fasa laka a mayar ba tare da an gane ba.

A fada kuwa, tun da daɗewa aka san cewa dukiyar jama'a tana bukatar alƙalami. A cikin nasihar da Shaihu al-Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya lissafa ma'aikatan da sarki ba ya rasawa, ya ambaci amintattun da ke karɓa suna kashewa, sa'an nan ya ambaci marubuta da masu lissafi daban. Watau tun a ƙarni na 15 an riga an bambanta mai riƙe da kaya da mai riƙe da lissafinsu. Masarautun Hausa suna da Ma'aji ko Ajiya, gwargwadon yadda kowace take kiransa, a Kano kuma har da Sarkin Hatsi daga cikin bayin sarki. Ita Daura ta yi kusan shekara ɗari a rabe. Bayan Malam Ishaƙu ya ci birnin a 1805, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyar gidansu ta kafu a Zango da Ɓaure, saboda haka zakka da kuɗin ƙasa suka rabu gida uku har zuwan Turawa.

Wani abin da ya fi haska wannan zamani ya faru ne a Tasawa, arewa da Daura, cikin Jumhuriyar Nijar ta yanzu. A farkon 1851 Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya tarar ana ƙirga wuri 500,000 a can, ya kuma bayyana wahalar aikin, wanda sai da mutum biyar ko shida suka sa hannu kafin a gama. A ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a bakin teku. Biyar-biyar ake jan sa da yatsu, huɗu su ba da hauya, watau 20, a tara tsibi na metan ko na dubu. Masu mulki sukan ɗura shi a jaka 20,000-20,000, abin da Hausawa ke kira keso. To, ga inda maganar take: Barth ya lura cewa ba wani mai zaman kansa da zai karɓi wannan jaka bisa ga sunanta, sai ya zazzage ya ƙirga da hannunsa. Wuri 500,000 keso 25 ne kacal, da an yarda da jakar da aikin bai wuce ƙiftawar ido ba. Rashin yarda da abin da ke cikin ƙunshi shi ya mai da shi aikin yini. Wannan tambaya, ko a gaskata ƙunshi ko a kwance shi, ita ce har yau ke gaban duk mai ɗaga sikana ya haska kwali.

Baitulmali da dalar gyaɗa

A 1906 Turawa suka komo da Malam Musa na gidan Zango kan gadon Daura. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi shekara 55 yana sarauta har 1966, watau kusan dukan zamanin En'e a hannunsa ya wuce. A maƙwabciyarta Katsina aka fara kafa Baitulmali irin na En'e, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, daga nan tsarin ya bazu zuwa sauran masarautu. Da shi aka shigo da kasafin shekara da albashi da rasit da bauca da odita. Shi ma sito ya sami nasa tsari, wanda ma'aikata suka gada har yau: baucar shigar kaya, baucar fitar kaya, katin da ke rataye jikin kowane irin kaya, babbar laja, da kwamitin da ke zuwa ƙidaya ƙarshen shekara.

Tsari ne mai hikima, ba a raina shi. Amma ya kamata a lura da abubuwa biyu. Na farko, adadi guda ana kwafarsa da hannu sau uku ko huɗu, daga takardar direba zuwa bauca, daga bauca zuwa kati, daga kati zuwa laja, kowace kwafa kuma ƙofa ce ta kuskure, inda 370 kan koma 730. Na biyu, ƙa'ida ta ce mai mabuɗi daban, mai laja daban, amma a ƙaramin ofis na gunduma sau da yawa mutum guda ne, ko kuwa mutum biyu masu cin tuwo a kwano ɗaya. Ƙidayar da dā ake yi a bainar jama'a ta koma cikin aljihun tebur.

A daidai wannan lokaci buhu ya shigo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar ga ciniki a 1912, nan da nan manoman Kano da Katsina da Daura suka rungumi gyaɗa, ba audugar da Turawa suka sa rai ba. Jakuna da raƙuma, daga baya motoci, suka riƙa kwasarta zuwa Kano. Buhu ya shiga rayuwar talaka har ya ba yunwa suna: bayan Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, yunwar 1927 'Yar Buhu aka kira ta. Shi buhu ba kamar dami ba ne, rufaffe ne. Ba a sanin cikinsa sai an ɗora a sikeli ko an soke shi da ƙarfe an ɗebo. Daga nan aka sami sabon rikici mai fuska biyu, manomi yana zargin malamin sikeli da tauye awo, kamfani yana zargin mai kawowa da zuba yashi da tsakuwa. Kowane ɓangare kuwa yana da hujja.

Dalar gyaɗa ta Kano, wadda sunan Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya haɗu da tarihinta, ba don ado aka gina ta ba. Jirgin ƙasa ne ya kasa kwashe amfanin shekara kafin wani ya iso, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, tilas aka jibge a fili aka lulluɓe da tamfal. An saba cewa dala guda takan ɗauki buhu har 15,000. Abin sha'awa ga mai nazarin ƙidaya shi ne, siffar dala ita kanta lissafi ce. A ƙaddara an jera buhu 35 a kowane gefe na gindi, kowane hawa kuma yana raguwa da ɗaya a kowane gefe har ƙololuwa. Jimlar za ta zama 14,910. Wanda ya san gindi ya san hawa ya san adadi, ba sai ya taɓa buhu ko ɗaya ba. Ba kuma a zare ɗari daga jikinta a ce ba a gani ba, tun da duk mai wucewa ta hanya odita ne. Ɓarayin dala na gaske ƙwari ne da ruwa, su ne suka fi yi mata ɓarna idan ta shekara ba a kwashe ba.

An kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, ta koma hannun Jihar Arewa a 1954. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati daga gona, su suka kawar da dala, hukumomin cinikin amfanin gona kuma aka rushe su a 1986. A nan ne ruwa ya juya. A dā kaya daga ƙauye suke tafiya Kano. Daga 1976, shekarar da aka fara ilmin firamare kyauta da shirin ciyar da ƙasa, aka kuma maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, sai kaya suka riƙa gangarowa daga gwamnati zuwa ƙauye: taki mai rangwame, littattafai, magunguna, hatsin agaji. Waɗannan kuwa ba a fili ake jibge su ba. Sito ne na bulo mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo, ba mai ganin cikinsa sai mai mabuɗi. Ba ƙaramar asara ba ce a ce dukiyar jama'a ta fi ɓoyuwa daga jama'a a zamanin da aka fi yawan masu ilmin karanta laja.

Asalin lambar layi-layi

A 1948 wasu matasa biyu a Kwalejin Drexel ta Filadalfiya a Amurka, Bernard Silver da Norman Joseph Woodland, suka shiga neman hanyar da na'ura za ta gane kaya a kanti ba tare da akawu ya rubuta ba. An ce Woodland yana zaune a bakin teku a Mayami yana jan yatsunsa cikin yashi, ba bugun ƙasa yake yi ba, sai ya ga cewa ɗigo da jan layin nan na wayar tangaraho idan aka miƙe su ƙasa za su zama layuka sirara da masu kauri. Sun nemi rajistar ƙirƙirar a 1949, aka ba su a 1952. Amma dabarar ta riga zamaninta. Gwajinsu na farko da ƙwan lantarki mai wat 500 aka yi shi, hasken leza bai samu ba sai 1960, kwamfuta kuma a lokacin ɗaki guda take cikawa.

Kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka ne suka fara gwada abin da yawa. A 1967 suka amince da wani tsari mai suna KarTrak, na layuka masu launi a jikin taragu. Kafin ƙarshen shekarun 1970 an yi watsi da shi, babban dalili kuwa datti ne da rashin kula: ƙura ta rufe lambar, na'ura ta kasa karantawa. Wannan darasi ne da ƙasar hunturu da buji ba za ta yi wasa da shi ba. A 1973 'yan kasuwar kayan masarufi na Amurka suka zaɓi siffar da George Laurer na kamfanin IBM ya tsara. Ran 26 ga Yuni 1974, a wani kanti na Marsh a garin Troy na jihar Ohayo, aka sayar da kaya na farko ta hanyar haska lamba, ƙunshin cingam ne na Wrigley's. A wannan shekara mutanen Daura suna fama da ƙarshen fari, ana raba musu hatsin agaji da kwano. Ƙasashen Turai suka kafa tasu ƙungiya a 1977 da lamba mai alƙaluma 13, ƙungiyoyin biyu kuma suka haɗe a 2005 da sunan GS1.

Sikanar kanti a kafe take, kaya ake kawo mata. A sito kuwa ba a ɗauko buhu dubu a kai wa tebur, sai dai na'ura ta je wurin kaya. An fara da wani abu mai kama da alƙalami da ake gogawa a kan lamba, daga bisani a farkon shekarun 1980 kamfanin Symbol ya fito da mai kama da bindiga wadda ke karantawa daga nesa. Abin da ya tura ta cikin ɗakunan ajiya sosai shi ne shawarar da Ma'aikatar Tsaron Amurka ta yanke a 1981, cewa duk mai sayar mata da kaya sai ya buga musu lamba. Watau babban mai saye ne ya tilasta, ba wa'azi aka yi ba. A 1994 kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro lambar QR mai kusurwa huɗu domin bin sawun kayan gyaran mota, irinta ce yanzu wayar hannu ke karantawa.

Yadda take aiki

Baƙin layi yana shanye haske, farin fili yana mayar da shi. Na'ura tana auna faɗin kowanne ta juya shi alƙaluma. Sababbin kuwa hoto suke ɗauka su fassara. Kamar yadda tsagar fuska kan gaya wa Bahaushe Bagobiri ne ko Bakatsine kafin a buɗe baki, haka lambar ke faɗin asalin kaya. Alƙaluma uku na farko na ƙungiyar ƙasar da aka yi rajista ne, na Nijeriya 615, na Gana 603. Sai dai a kula, wannan yana nuna inda kamfani ya yi rajista ne, ba lalle inda aka ƙera kayan ba. Sa'an nan lambar kamfani, sa'an nan ta kayan. Babu farashi a ciki, babu adadi. Lambar suna ce kawai, sauran bayani yana cikin kwamfuta.

Alƙalami na 13 shi ne mai gadin sauran, ya kuma kamata ɗalibai su gwada shi da kansu. A ɗauki lambar misali 615123456789. A tara na ɗaya da na uku da na biyar har na goma sha ɗaya, watau 6, 5, 2, 4, 6, 8, a sami 31. A tara sauran, 1, 1, 3, 5, 7, 9, a sami 26, a ninka sau uku, 78. Jimla 109. Abin da ya rage a cika 110 shi ne 1, shi ne alƙalamin ƙarshe. Da na'ura za ta karanta 5 ɗin farko a matsayin 6, jimla za ta koma 110, alƙalamin ƙarshe ya kamata ya zama 0, ta ga 1, sai ta ƙi karɓa. Laja ba ta taɓa ƙin karɓar abin da aka rubuta mata ba.

A sito mai tsari ana haska kaya sa'ad da suke sauka daga mota, a gwada da takardar oda. Kowane kanta da kowane lungu yana da tasa lamba, saboda haka a haska kaya a haska wurin da aka ajiye su. Ranar fitarwa a sake haskawa. Maimakon a rufe sito kwana uku ƙarshen shekara, ana ƙirga layi ɗaya yau, wani gobe, giɓi ya bayyana cikin mako, tun ana iya tuna wanda ya shiga da wanda ya fita. Masu tallar na'urar sun fi yabon saurinta. Amma a ma'aunin tarihin da aka bi a sama, babbar fa'idarta ita ce kowace haskawa tana tafiya da sa'a da minti da sunan wanda ya yi ta, kuma tana fita daga sito nan take zuwa inda mai mabuɗi ba ya iya kai hannu ya goge. Akanta a Katsina yana iya ganin abin da ya shiga sito a Ɓaure kafin direba ya sha ruwa. Wannan shi ne raba mai kaya da mai lissafi da al-Magili ya yi nuni da shi, kuma kariya ce ga malamin sito mai gaskiya kafin ta zama tarko ga maras gaskiya.

Abin da ba ta iyawa ma yana da yawa. Kwalin da aka kwashe cikinsa aka liƙe zai amsa sunansa lafiya lau, keso ke nan ya dawo. Malalacin ma'aikaci yakan haska kwali ɗaya ya danna 40 da yatsa. Kayan da suka fita da dare ta taga ba su bi ta gaban sikana ba. Takardar lamba mai arha wadda ake bugawa da zafi takan dushe a sito mai rufin kwano cikin watan Afrilu. Ga batun wuta da intanet. Mafi muni shi ne a sayo na'urori da kuɗi masu yawa, a yi bikin ƙaddamarwa, ba a tsaya an ba kowane kaya suna ɗaya tak a kwamfuta ba, sai sikanar da kanta ta zama ɗaya daga cikin kayan da ke kwance a sito ba a san yawansu ba.

Kwali da buhu

A Nijeriya ta ƙofar magani abin ya fi shigowa da ƙarfin hukuma. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta fara tsarin kankare lamba a aika saƙon waya domin gane jabun magani a 2010, daga 2019 kuma ta ɗauki hanyar bin sawun magunguna bisa ƙa'idojin GS1. Lambar da ke kan kwalin magani irin mai kusurwa huɗu ce, tana ɗauke da sunan magani da rukunin da aka yi shi da ranar lalacewarsa da lambar da ta keɓanta da wannan kwali shi kaɗai. Allurar rigakafin korona da ta fara isowa ran 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4, an bi sawunta ta wannan hanya. A Disamba na shekarar aka lalata fiye da miliyan ɗaya a Abuja domin wa'adinsu ya cika, yawancinsu kyauta ce da ta iso a ƙurarren lokaci. Asara ce, amma an san adadinta, an kuma faɗa a fili.

A gwada wannan da abin da ya faru a Oktoba 2020, sa'ad da jama'a suka fasa ɗakunan ajiyar kayan tallafin korona a Legas da Jos da Kaduna da Abuja da Yola da wasu garuruwa. Mutane suka ce an ɓoye abinci ana yunwa. Gwamnoni suka ce ba ɓoyewa aka yi ba, jiran rabo ake yi. Abin lura shi ne, yawancin waɗannan kaya, taliya da sukari da makamantansu, daga masana'anta suka fito da lambobinsu a jiki. Da a ce kowa yana iya duba ranar da kowane kwali ya shiga da inda aka nufa da shi, da gardamar ba ta kai ga fasa ƙofa da rasa rayuka ba. Kaya suna da suna, idon jama'a ne babu.

Ita ƙasar Daura kayanta iri biyu ne. Akwai na kwali, sabulu da madara da taliya da magani, waɗanda ke zuwa daga Kano da Legas da lambarsu, wasu su ƙetare ta Kongolam zuwa Nijar. Waɗannan ba abin da suke jira sai mai haskawa, wayar hannu ma ta isa. Akwai kuma na buhu, gero da dawa da wake da riɗi, waɗanda ke bi ta kasuwanni irin Mai'aduwa zuwa Dawanau. Su ne dukiyar ƙasar ta asali, su ne kuma lambar ba ta san da su ba. Dalili a fili yake. Bakod yana aiki ne idan kowane ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa. Buhun hatsi kuwa bisa al'ada tiya 40 ne, amma tiyar wata kasuwa ta fi ta wata, ga tozo, ga buhun da aka yi wa ƙari a baki. Hatsin da aka auna da kaka yana da laima, da bazara ya bushe ya ragu ba tare da an taɓa shi ba. Ƙwari su ci, ɓera ya ci, a zazzage buhu uku a ɗinka huɗu. Kafin a liƙa wa buhu lamba mai ma'ana, sai an tsai da nauyinsa a sikelin da kowa ya yarda da shi, an auna laimarsa, an ɗinke lambar cikin bakinsa yadda ba a buɗewa sai ta yage, kamar lakar bakin rufewa. Wannan aikin ma'auni ne da hukuma, ba aikin na'ura ba, kuma shi ne wanda aka fi gudu domin ba ya da bikin ƙaddamarwa.

Lokacin yin sa kuwa ya matso. A Disamba 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a Daura, a Fabrairu 2021 kuma aka aza na hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara za ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Tashar jirgin ruwa ta tudu ta Dala a Kano an buɗe ta a 2023, ta Funtuwa a 2024. Kayan da za su bi waɗannan hanyoyi zuwa kasuwannin waje, musamman riɗi da zoɓorodo da wake, masu sayensu suna ƙara neman a nuna musu daga inda kowane ƙunshi ya fito. A halin yanzu shaidar buhu a kasuwar hatsi ita ce sunan mai shi da garinsa, ko harufa biyu, da ake rubutawa da tawada a gefensa. Wajen lodi 'yan dako suna ɗauka, yaron mota yana ƙirgawa da ƙarfi, dillali yana ja a takarda, mai kaya yana tsaye yana kallo. Idan an isa Dawanau a sake ƙirgawa wajen sauka, a buga waya Daura a faɗi adadi.